Wuƙar Eulogio

A mahautar Cerro ta birnin Montevideo, babu wanda ya kai Eulogio Bentancor hannu a fiɗa. Tun yana ɗan shekara goma sha biyu wuƙarsa ke ƙugunsa, har coci da ita yake shiga. Kuma ga zuciya, Allah ya sawwaƙe.

A shekarun nan aka fara haɗa ƙasashe su kara a ƙwallo. Da Ajantina za ta buga da ƙasarmu, ƙanin matarsa Fermín ya hayo kogi daga Buenos Aires, babban birnin Ajantina, da bakinsa da ba ya rufuwa. Matar, Remigia, ta tare mijin a ƙofa.

"Shi kaɗai ya rage mini. Yadda ka fita da shi, haka za ka maido mini shi."

"In ya iya bakinsa, ba."

"Yaya, ka dai tanadi hankici," in ji Fermín, "yau sai kun yi kuka."

A ƙofar fili 'yan sanda na laluben kowa. Eulogio ya miƙa wuƙarsa, ransa a ɓace.

Ajantina ta ci ɗaya. Wawan yaron nan Fermín, a tsakiyar mahauta da 'yan dakon tashar jirgi, ya miƙe ya cilla hularsa sama yana ihu. Kwalba ce ta fara fasa masa goshi. Sai aka shiga ɓalle katakan zama, da ƙusoshinsu.

"Ku kashe shege! Ku jefa shi kogi!"

Eulogio ya kai hannu ƙugu, wayam. Tsoro ya kama shi, irin wanda bai taɓa ji ba. Ya tankaɗe Fermín ƙasa, ya kife a kansa, ya rufe masa kai da hannun dama. Abokan aikinsa ne ke dukan, ya san muryoyinsu. Yana ji ƙasusuwan yatsunsa na karyewa ɗaya bayan ɗaya, bai ɗaga ba har dawakan 'yan sanda suka iso.

Fermín ya koma gida da ɗinki uku a goshi. Hannun Eulogio kuwa ya ƙandare, fiɗa ta ƙare. Shekara talatin ya yi yana sayar da gyaɗa a ƙofar filin, bai sake leƙa ciki ba.

'Yan sanda sun mayar masa da wuƙar. Da ita Remigia ke yanka masa nama ƙanana a faranti, kullum, har ya mutu.