Hannun Umma a Bangon Kulob

Ni ɗan fari ne, don haka ban taɓa jin sunana a bakin mahaifiyata ba. In tana son in ci abinci, sai ta dubi ƙanwata ta ce, "Ki ce wa wancan tuwonsa na hucewa," alhali ina zaune a bakin ƙofa ina jin ta sarai. Kunya ce irin ta iyayenmu, na sani, kowa ma ya sani. Amma ina yaro abin yakan ci min rai, musamman in na ga ta zaunar da ƙanwata tana mata kitso suna ta hira da dariya, ni kuwa ko ido ba ma haɗawa. Da na girma sai na daina damuwa, ko kuma na ce wa kaina na daina.

Sana'ar Umma ɗinkin hula. Tun da na yi wayo a gidanmu na Samaru, in an idar da la'asar za ka same ta a tsakar gida kan tabarma, faifan zare a gefenta, allura na shiga tana fita. Ba ta son a tsaya mata a kai, kuma ba ta son a yaba aikin kafin ta gama.

Ni kuma zane-zane na karanta a jami'a, abin da dangi suka fassara da cewa zan ƙare a rubuta allon shago. Ban ƙare a can ba, amma inda na ƙare ɗin ma ba wurin da ake faɗa a taron suna ba ne. Ƙawata cikin gine-gine nake yi, da fenti da fitilu da hotuna masu motsi. In an tambaye ni a gida sai in ce, "Aikin kwamfuta," kowa ya huta.

Aikin da nake son ba da labarinsa a Muchia na same shi, cikin Sabon Gari. Wata mata ce ta gaji tsohon gidan rawa daga mahaifinta, tana son ta mai da shi kulob irin na zamani. Madam kowa ke kiranta. Iyayenta daga kudu suka zo, amma ita a Sabon Gari aka haife ta, kuma in ta buɗe baki da Hausa sai ka ji kunyar taka. Ranar da na fara zuwa ta zagaya da ni, tana nuna min tsofaffin madubai da hoton wani zaki riƙe da kwalba.

"Duk ka cire min waɗannan," in ji ta. "Ba na son kwaikwayon Legas. In mutum ya shigo, ina son ya san a Zariya yake."

Maganar ta shige ni sosai. Wata uku na yi ina aiki a wurin, kullum daga safe zuwa yamma, ina faɗa da kafinta, ina faɗa da mai haɗa wuta, wani lokaci har da Madam ɗin kanta, don ni ba na iya ganin abu a karkace in yi shiru. Bango uku na shafe su da shuɗi mai duhu, kalar rini. Rufin kuwa na jera masa faya-fayai ɗari da wani abu, na ɓoye ƙananan fitilu a bayansu, hasken na tsiyayowa ta ramukan saƙar. Dogon bangon da ke fuskantar filin rawa na bar shi fari tas, na rataya majigi uku daga sama suna haska shi.

A wannan bangon na zuba duk basirata. Na yanke shawarar ba za a ga fuskar kowa ba, hannuwa kawai, hannuwan mutanen garin nan suna aiki. Na ɗauki hannun wani bakanike a Dogarawa yana wanke ƙarfe a cikin fetur, da na mai suyar ƙosai, da na wani tsoho mai gyaran agogo a bakin kasuwa. Kowannensu sai da na gaishe shi, na yi masa bayani, ya yarda, sannan na ɗauka. Na haɗa hotunan da na'urar kiɗa ta yadda in ganga ta yi sauri su ma su yi sauri, in ta lafa su lafa. Abu ɗaya ya rage, hoton da zai zauna a tsakiya. Na gwada kusan goma, babu wanda ya kwanta min.

Wata la'asar na dawo gida a gajiye, na kwanta, sai na hango Umma ta tagar ɗakina. Rana ta karkato ta sauka daidai kan cinyarta. Zare kore ne a allurar, yana ɗaukar ido duk lokacin da ta ja shi. Ga zoben azurfarta, ga tabon ƙuna a gindin babban yatsa. Na jawo kyamara na saita ta tsakanin labule, na ɗauka. Bai kai minti ɗaya ba ƙanwata ta gitta, na yi maza na sauke.

Bakanike na tambaye shi, mai ƙosai na tambaye ta, uwata ban tambaye ta ba. Na san amsar da za ta bayar, shi ya sa. Na lallashi kaina da cewa ai babu fuska, kuma su wa ta sani da ke zuwa kulob?

Matsalar ita ce hoton ya yi gajarta. In ya ƙare ya koma farko sai a ga ya yi tsalle, abin da ke ɓata min rai ke nan fiye da komai a wannan aiki. Akwai dabarar da duk masu sana'armu suka sani: in hoton ya kai ƙarshe, sai ka sa ya juyo da baya a hankali har farko, sannan ya sake tafiya gaba. Ta haka ba a ganin mahaɗa. Na yi hakan, ya zauna sumul, har na tafa wa kaina.

Aka buɗe kulob, ya karɓu. Ɗalibai daga Samaru suka riƙa cika shi, kuma kowa sai ya tsaya gaban hannun nan mai allura an ɗauke shi hoto. Madam ta ce min mutane na tambayarta wane Bature ne ya yi mata aikin. Na yi kwanaki ina tafiya kamar ƙasa ba ta isa in taka ta ba.

Sati na uku ƙanwata ta shigo ɗakina ba sallama, ta miƙo min waya. Wasu 'yan mata ne ke rawa da kofuna a hannu, a bayansu ga zoben azurfa ya kai girman tayar mota.

"Yaya, hannun wa ne wannan?"

Na fara laluben ƙaryar da zan yi mata.

"Kar ka wahalar da kanka," in ji ta. "'Yar maƙwabta ce ta nuna wa mamanta, mamanta ta kawo wa Umma. Tun jiya ta gani."

Na zauna jiran faɗa, faɗa bai zo ba. Abinci bai fasa zuwa ɗakina ba. In na gaishe ta tana amsawa kamar kullum. Abu ɗaya ne ya canza, la'asar ta yi, tabarma na jingine a bango. Umma ta kwashe faifan zarenta ta shige ɗaki, ta saki labule. Ɗakin nan ba shi da haske, idonta kuma ba kamar da ba. Matar da ta shekara talatin tana aiki a tsakar gidanta hankali kwance, na sa ta koma ɓuya a cikin gidan, kuma daga ni take ɓuya. Wannan ya fi min zagi ciwo. Na je bakin labulen sau biyu da niyyar ba da haƙuri, na kasa, don ban san yadda ake fara doguwar magana da ita ba.

Rana ta huɗu ƙanwata ta kawo saƙo. "Ta ce a kai ta ta gani da idonta."

Da na gaya wa Madam, sai ta ajiye abin da ke hannunta ta ƙare min kallo.

"Tsaya. Hannun mamanka ne? Kuma ba ka tambaye ta ba?" Ta girgiza kai. "Duk iliminka, ashe ba ka da hankali. Da ɗana ne ya yi min haka, da sai ya gane kurensa."

Ta ce in kawo ta ranar Litinin da hantsi, lokacin babu kowa. Da muka iso a keke mai ƙafa uku, ni da Umma da ƙanwata, na so in bi da su ta ƙofar baya don kar a gan ta. Madam ta ce uwa ba ta shiga ta baya a gidanta. Ashe tun da safe ta sa an wanke wurin, an rufe kantar kwalabe da zannuwan teburi, an kunna turaren wuta. Ita kanta ta ɗaura ɗankwali, ta durƙusa har ƙasa.

"Sannu da zuwa, Mama. Ki yi haƙuri, wallahi ban sani ba."

Umma ta amsa mata da sakin fuska, ta tambayi yara da mai gida. Ta ɗaga kai ta daɗe tana duban faya-fayan rufi. Aka kawo kujera ta ƙi zama.

Na rufe tagogi, na kunna majigin tsakiya kawai, ba kiɗa. Hannunta ya bayyana, ya cika bangon. Allura ta shiga, ta fita, zaren kore ya miƙe. Ina satar kallonta ta gefe, tana tsaye cikin hijabinta, 'yar ƙarama a gaban hannun nata. Sai hoton ya kai ƙarshe ya juyo. Zaren ya fara komawa inda ya fito, ɗinkin na ɓacewa ɗaya bayan ɗaya, har yadin ya koma fari. Ya sake tafiya gaba, ya sake juyowa. Sau uku ta kalla.

"Tambaye shi," ta ce wa ƙanwata, "me ya sa nake warwarewa?"

Na fara bayanin mahaɗa da tsalle da gajartar hoto. Ina cikin yi na ji maganar ba ta da daɗin ji ko a kunnena, na katse ta.

Sai ta juyo ta dube ni, ido cikin ido, abin da ban tuna ranar da ta taɓa yi ba.

"Kai," ta ce. "Wanda ya yi kuskure shi ke warware ɗinki. Nuna min kuskuren a nan."

"Babu, Umma."

"To kullum mutane na kallona ina yi ina ɓatawa, kamar wadda ba ta san abin da take yi ba." Ta mai da ido kan bangon. "Kuma hular nan ba ta kasuwa ba ce. Taka ce."

Sai a lokacin na gane ta. Ana saura kwana biyu sallah ƙanwata ta kawo min wata baƙar leda ta ce, "An ce a ba ka." Na leƙa na ga hula, na ce an gode, na cilla ta saman kwaba, don ni hular hana-sallah nake sawa. Na kalli hoton nan ya fi sau ɗari ina gyara haskensa, na san kowane tabo a yatsunta, amma ban taɓa duban abin da take ɗinkawa ba. Kunyar da na ji a wurin ban taɓa jin irinta ba, kuma da Madam ba ta tsaye da na yi kuka.

Umma ta juya wajen Madam. "'Yar nan, kin karrama ni, Allah ya yi miki albarka. Amma nan ba wurina ba ne. A cire ni."

"Yanzu ma kuwa, Mama."

A gabanta na goge shi. Da za ta fita ta sake ɗaga kai sama, ta ce wa Madam, ba ni ba, "Faya-fayan nan sun zauna da kyau."

Bangon ya yi sati da rami a tsakiya. Daga baya Madam ta ce in ɗauki nata hannun tana ƙulla alala a ganye, yadda mahaifiyarta ta koya mata. Na ɗauka daga ganyen farko har ta rufe tukunya, minti ashirin cur, ban yanke ba, ban juya shi ba. Tun daga nan ban sake mai da aikin hannun kowa baya ba, ko da hoton zai yi tsalle.

Amma wannan daga baya ne. A ranar, da muka koma gida, na taka kujera na lalubo ledar a bayan tsofaffin takardu. Hular ƙube ce, kore da ruwan toka, an wanke ta an buge. Na sa ta, ta zauna min daidai, alhali Umma ba ta taɓa auna kaina ba, rabon da ta taɓa shi ma tun ina goye.

Da aka yi la'asar na fito da ita a kaina na tsaya a tsakar gida. Labulen na sake. Na daɗe a tsaye. Can sai labulen ya motsa, ƙanwata ta fito ta shimfiɗa tabarma. Umma ta biyo ta da faifan zare, ta zauna, ta zura zare a allura sai a karo na uku. Ba ta dube ni ba, ko kuma ta duba ban gani ba.

"Ki ce wa wancan ya matsa," ta ce. "Ya tare min haske."