Yadda Maigidana Ya Rasu

Kiristoci ba mu da yawa a ƙauyenmu da ke kusa da Dogarawa. Maigidana manomin albasa ne, shi ke ja mana addu'a ran Lahadi a zaurenmu, don ba mu da majami'a. Tun da ya karɓi Almasihu, 'yan'uwansa suka daina cin tuwo tare da shi. Ni kuma a bakin rijiya sai kowa ta gama ja sannan in zura gugana. Mun saba.

Wata rana da rani ya kai albasa kasuwar Badaguishiri. A hanyar dawowa wasu mutane suka tare shi, suka ce ya bar wannan addini. Ya ce ba zai iya ba. Suka yi ta dukansa da sanduna, suka yar da shi cikin kwari. Wani makiyayi ne ya tsince shi, ya aza shi bisa jaki ya kawo gida. Jandarma sun zo sun yi tambayoyi, ba a kama kowa ba.

Mun kai shi asibiti, likita ya ce raunin na cikin ciki ne, ba abin da za a iya. Muka dawo da shi.

Wata safiya ina ba shi kunu, ya ture ludayin ya ce, "Uwar yara, na yi mafarki. Na ga wani wuri mai haske, mutane da yawa sanye da fararen kaya suna waƙa, har da waɗanda aka kashe saboda Ubangiji. Ba mai tabo a jikinsa ko ɗaya."

Na ce, "Mu fa, wa za ka bar mu da shi?"

Ya ce, "Wanda ya riƙe ni cikin kwarin nan zai riƙe ku. Kada ki riƙe kowa a zuciya."

Da la'asar ya cika.

Muna tunanin inda za mu sa shi, sai ga yayansa, wanda ya yi shekaru bai taka gidanmu ba, da magirbi a kafaɗa. Ya ce, "Addininsa nasa ne, amma nono ɗaya muka sha." Shi ya haƙa kabarin a gefen gonar mahaifinsu.

Dangina sun aiko in koma Illela da yara. Ban koma ba. Da damina ta wuce na shiga lambunsa da kaina, na dasa albasa, babbar ɗiyata na ban ruwa.