Na Surka Wa Baba Maganinsa Da Ruwa

Lokacin ina da ɗan kemis a Gyaɗi-Gyaɗi, kuma ina ji da kaina cewa babu ɗan shaye-shayen da zai yi mini wayo. Kullum samari na zuwa dafe da ciki suna murƙususun ƙarya don in sayar musu da ƙwaya, har ta kai duk wanda ya ce wayyo sai in fara zarginsa. Da wannan halin na yi jinyar mahaifina.

Cutar daji ce ta kama hanjinsa. Aka yi masa aiki, aka maƙala masa leda a ciki wadda bahaya ke fita ta cikinta. Daga baya likita ya ce abin da ya rage sai rage raɗaɗi. Muka dawo da shi gida Tarauni da kwalbar maganin ruwa mai ƙarfi, aka damƙa mini, wai ni ne likitan gida. Ba a jima ba na lura da an kusa kiran salla sai nishinsa ya tashi, ya juya fuska bango yana gumi. Sau biyar a rana, ba fashi. Zuciyata ta raya mini cewa ciwo ba ya bin agogo, tsohon nan ya kamu da maganin ne kawai. Na fara surka masa da ruwa, ban gaya wa kowa ba.

Nas ɗin da ke zuwa duba shi ma ban yarda da ita ba. Bayan ta tambayi inda ke ciwo, da ko suka ne ko ƙuna, sai ta shiga tambayar barcinsa, da masu zuwa gaishe shi, da abin da ke tsorata shi. Na ce a raina wannan gulma ce ta kawo ta. Shi kuwa Baba amsarsa ɗaya, da sauƙi. Wata rana ta nemi in ba su wuri, na laɓe bayan taga. Da kunnena na ji dattijon da bai taɓa rasa sahun farko ba yana kuka. Ya ce mata tun da aka sa ledar yake ganin kansa cikin najasa, duk kiran salla sai ya ji zai gamu da Ubangijinsa ba tsarki, kuma kunya ta hana shi tambayar kowa.

A ranar na ɗauko limamin unguwa. Ya shaida masa cewa shi mai lalura ne, sallarsa ta yi. Nishin lokacin salla ya tsaya. Ciwon jiki kuwa, wanda ya shafe mako uku yana haɗiyewa, ni na ƙara masa shi da hannuna. Na daina surkin, amma na kasa faɗa masa.

Na koyi cewa ciwon mai jinyar ajali ba a jiki kaɗai yake ba, akwai na tsoro, akwai na kunya. Don Allah masu jinya, ku tambaya kafin ku yi zargi, kada kuma ku taɓa magani a ɓoye. Baba ya ƙara kwana goma sha ɗaya. Ya rasu yana sa mini albarka, yana gaya wa ƙannena ba wanda ya kula da shi kamar ni.