Shukar Sojan Kurfi

Ni dai ban taɓa shuka ko rami ɗaya ba a rayuwata, kuma daga nan abin kunyar ya samo asali. Mahaifina tela ne a Dutsin-Ma, ni kuwa makarantar boko aka sa ni, na fito da tafin hannu sumul kamar na amarya. Tun ƙarshen shekarun hamsin nake aika wa wata jaridar Hausa labaran yankinmu: an gina rijiya, fara ta sauka a Makera, an yi dambe wane ya sha ƙasa. Labarin da ya fito da ni shi ne na wani bijimi da ya ƙwace wa mahauta ran kasuwar Kurfi. Na rubuta shi da farmaki, da ja da baya, da jerin waɗanda suka jikkata, wato mai tallar daddawa da tukwanen wata tsohuwa. Da aka fara yaƙin basasa sai edita ya tuna da bijimin nan, ya ce wanda ya iya wannan zai iya yaƙi. Haka kawai na wayi gari wakilin jarida a bakin daga.

Doka ɗaya aka ba ni: kada in rubuta sunan soja, ko na rundunarsa, ko na garin da muke. To me ya rage? Sai kamanni da garin haihuwa. Duk labaraina suka koma “wani gajere ɗan Daura” da “wani mai saje ɗan Funtuwa”. Tun da ba zan rubuta suna ba, sai lalaci ya sa na daina ma tambaya.

A sansanin da na fi daɗewa akwai wani dogo, shiru-shiru, da ya ce mini shi ɗan Kurfi ne. Duk wanda ya iso daga arewa, tambayarsa ɗaya ce: “An yi shuka a gida?” Ashe yana da ɗan ƙunshin iri a aljihu, wanda uwarsa ta ba shi ranar da zai tafi. Ya share wani ɗan fili a bayan tantunan girki, ya yi shuka da bakin wuƙar bindiga. Ruwan can kuwa ba ya gajiya. Wata uku shukar nan ta fi shi tsawo, ganye shar, amma ko alamar zangarniya babu. Sojoji suka samu abin tsokana, ni ma na shiga sahu. Shi dai sai ya yi murmushi ya ce, “Ka dai jira, Malam.”

Ban jira ba. Na zauna na rubuta cewa geron arewa ya sha ruwan kudu, ya yi ƙiba ya manta aikinsa, kamar akawun da aka ƙara wa girma. Na ji daɗin jimlar nan ƙwarai, har na karanta wa kaina ita sau biyu.

Wajen ƙarshen damina aka ba ni hutun mako biyu. Ina shiga gida na tarar da zabi biyu a ɗaure a tsakar gida, ga ƙwaryar man shanu a ɗakin Innata. Ta ce ai an karanta labarina a kasuwar Kurfi, malamin ajin yaƙi da jahilci ya hau kan buhu ya karanta har sau uku, kuma tun daga ranar iyayen sojoji ke sintiri a gidanmu. Na ce a mayar wa masu zabin da kayansu. Inna ta ce ai uku ne, jiya aka ci ɗaya.

Washegari mai zabin ta zo, wata Hajiya ce matar wani fatken hatsi a Kurfi. Ko gama gaisawa ba mu yi ba ta kama hujja.

“Malam, wa za shi tafi yaƙi da gero cikin aljihu in ba ɗan gidan hatsi ba? Nawa ne, ba ko tantama.”

Na ce, “Hajiya, yaya sunansa?”

Ta ja mayafi ta kau da kai. Ɗan fari ne, ba ta faɗin sunansa. Ko da ta faɗa ma ba abin da zai amfana, tun da ni ban san sunan nawa sojan ba. Ni doka ta hana ni rubuta suna, ita kunya ta hana ta faɗa. Na tambayi tsawonsa, ta nuna iyakar kafaɗata. Na ce nawa sai ya sunkuya yake shiga tanti. Ta ce ai soja suna ba da abinci, zai yiwu ya ƙaru.

Mai man shanun Bafulatana ce daga wajen Shema. Nata dogo ne, wannan kam ta ci. Na ce amma ɗan Kurfi na rubuta. Ta ce Shema da Kurfi ai duk ƙasar Allah ce, kuma yaron ya taɓa kai shanu can. Ina dariya a zuci, amma dariyar ba ta yi nisa ba. Matan nan ba wanda ya aiko musu ko layi ɗaya tun da ’ya’yansu suka tafi. Ba su san ko suna da rai ba, shi ya sa kowacce take son dogon nan ya zama nata.

Saura kwana biyu in koma sai ga wata tsohuwa siririya, ƙafafunta furu-furu, ta tako tun daga Rawayau, wani ƙauye a ƙasar Kurfi. Ba ta kawo komai ba. Ta ƙi hawa tabarma, ta zauna a ƙasa a bakin zaure, ta dube ni kamar mai duban akuyar da za ta saya.

“Kai ne ka rubuta gero ya yi wata ukku bai hidda kai ba?”

“Ni ne, Inna.”

“Ka taɓa noma, ɗan nan?”

Na ce a’a, ina ɓoye hannuwana a cikin riga.

“Shi ya sa. Geron da ya yi wata ukku ai an yanke shi har an sha hura. Wagga maiwa ce. Ita ba ta garaje, sai ruwa ya ja baya take hidda kai. Maiwa na ƙunsa mashi, irin gonar ubanshi. Ka sa ana yi mashi dariya cikin kasuwa a banza.”

Ni da na yi shekaru ina gyara wa mutane rubutu, ranar nan ni aka yi wa gyara. Sannan ta tambaya a hankali, idonta a ƙasa, “Lahiya ka baro shi?” Na ce lafiya lau, har ya yi ƙiba, wanda rabinsa gaskiya ne. Ta ce to in gyara a jarida, in kuma ce wa “wancan” kada ya biye wa masu dariya ya tuge ta. Shi ma ɗan fari ne.

Gyaran ya fito, layi biyu a ƙasan shafi, kusa da tallar maganin tari. Edita ya ce bai taɓa ganin ana yaƙi mutum yana neman afuwar hatsi ba.

Tafiyar komawa ta ɗauke ni lokaci, don an fara tura ni wani fagen. Da na isa tsohon sansanin, ruwa ya ja baya, rundunar ta yi gaba, sai masu girki da ’yan gadi. Maiwa kuwa ta fitar da kai, zangarniya dogaye, tsuntsaye suna ta shagali. Na tambayi mai girki ina dogon Kurfi. Ya ajiye ludayi ya ce an rasa shi a wajen tsallaka wani kogi, mako biyu da suka wuce. Ya ce safiyar da za su tashi dogon ya zagaya da kowa ya nuna musu kan farko da ya fito, har ya ce a gaya wa Malam na jarida. Na ari wuƙar mai girki na yanki zangarniya uku, na naɗe su a jarida.

Sai da rani na samu zuwa gida. Na ari keke na nufi Rawayau, ina ta harhaɗa kalmomi a hanya, ba wadda ta zauna. Na tarar da ita tana sussuka a ƙofar gida. Muka gaisa, na buɗe ƙunshin na miƙa mata. Ta murje ƙwayar a tafin hannu, ta hure ƙaiƙayin, ta ce, “Ai na hwaɗa maka maiwa ce.” Sannan ta juya zangarniyar ta dubi wurin yankan, duk a tattaune kamar akuya ta ci.

“Wa ya yanke?”

“Ni ne, Inna.”

Ta sake duban yankan, ta gane abin da na kasa faɗa. Ta yi salati a hankali, ni ma na yi, hawaye na zuba mini.

“Ya ga ta hidda kai?”

Na ce ya gani, har ya nuna wa kowa.

Ta gyaɗa kai. Ta ƙulle ƙwayar da ke hannunta a bakin zane, ta ce in ruwa ya sauka in zo ta koya mani shuka.