Riɗi a Kan Lasifika

Duk wanda ya bi ta layin masu gyara da ke bayan tasha a Makarfi zai ga wani shago mai shuɗiyar ƙofa, zai kuma ga mai shagon, Ɗayyabu, sunkuye a kan buɗaɗɗiyar kwamfuta, da ɗan ƙullin riɗi kusa da hannunsa. Baƙi sukan zaci na ci ne, har wasu su miƙa hannu su ɗiba. Shi kuwa a wurinsa riɗin nan yana cikin kayan aiki, daidai da sukurdireba da buroshi.

A Gubuchi aka haife shi, a gidan masu mazarƙwaila. Mahaifinsa yana da injin matse rake, kuma tun Ɗayyabu yana ƙarami shi ke tura rake a bakin injin daga tashi makaranta har la'asar. Na koyar da shi a aji biyar lokacin da aka tura ni can, kuma abin da ban manta ba shi ne kunnensa. Muna tsakiyar darasi sai ya ɗaga hannu ya ce, "Malama, bel ɗin injin Baba ya saki." Injin yana can bayan gari, mu ko ƙararsa da ƙyar muke ji. In an je a duba, sai a tarar haka ne.

Wannan kunne ne ya kai shi Zariya koyon gyaran rediyo, daga rediyo ya tsallaka zuwa kwamfuta, ya dawo ya buɗe shago a Makarfi, ya auri Wasila mai kantun riɗi. Ranar da na fara kai masa tsohuwar kwamfutata, bai bar ni na tafi ba sai da ya mayar da ni ɗaliba. Ya kwance fanka, ya ɗaga wani ƙarfe mai tsaga-tsaga, ya nuna mini wani ɗan abu mai kusurwa huɗu da bai kai tafin hannun jariri ba.

"Malama, wannan shi ne furosesa, ƙwaƙwalwar kwamfutar ke nan," in ji shi, idanunsa na ƙyalli. "Aikinsa ɗaya ne: ya ɗauko umarni, ya gane abin da ake nufi, ya aikata, ya ɗauko na gaba. Sai dai a cikin daƙiƙa guda yana yin haka sau biliyoyi. Na yanzu ma a cikin guda ɗaya za ki tarar da ma'aikata huɗu ko takwas, kamar injin rake mai baki huɗu. Kin tuna durom ɗin ruwan da ke sanyaya injin Baba? To, shi ma wannan zafi yake yi, ƙarfen nan da fankar nan su ne durom ɗinsa."

Daga nan ya bayyana mini abin da ya fi ƙauna a sana'ar. Da zarar an kunna kwamfuta, furosesa yakan fara karanta wani ɗan shiri da ke maƙale a babban allon ciki, wanda ake kira bayos, ya bi sassan jikinta ɗaya bayan ɗaya yana dubawa. Idan ya tarar da matsala tun sikirin bai kawo haske ba, ba shi da hanyar rubuta ta, don haka sai ya faɗe ta da ƙara ta wata 'yar ƙaramar lasifika. A irin kwamfutocin da suka fi yawa a wajenmu, gajeriyar ƙara guda ɗaya tana nufin lafiya lau. Doguwa da ke ta maimaituwa, ram ne, watau ma'ajiyar da furosesa ke ɗaukar umarni daga cikinta. Doguwa ɗaya da gajeru biyu, ɓangaren hoto ne. Idan kuwa ba ƙara ko kaɗan, ana zargin wuta, ko allon, ko furosesan kansa. Ya gargaɗe ni cewa kowane kamfanin bayos da irin yarensa, shi ya sa yakan fara duba sunan tukuna. Mutane daga Ikara da Kudan suna kawo masa aiki, yakan gaya musu ciwon tun kafin su gama sauke kwalin kebul.

Amma injin raken da ya horar da kunnen shi ne kuma ya ci shi a hankali. Siraran sautuka ne suka fara ɓace masa. Ya daina jin kukan gyare, ya daina jin tsuntsaye, muryar mata ta koma masa kamar daga bayan katanga. Bai gaya wa kowa ba, wataƙila shi kansa bai yarda ba.

Abin ya fito fili ne a kan kwamfutar Saminu, taubashinsa, mai shagon buga takardu. Ɗayyabu ya kunna ta, ya kasa kunne, bai ji komai ba, ya yanke hukunci cewa furosesa ya mutu. Saminu yana tsaye yana jin tana ta kuka, amma ya zaci mai gyara ya fi shi ji. Da ya kai ta Zariya, sai aka zare ram aka goge bakinsa da abin goge fensir, aka mayar, ta tashi. Saminu ba mugu ba ne, amma taubashi ne, kuma bakinsa ba ya rufuwa. Kafin kasuwa ta zagayo, har masu shayi sun san cewa kunnen Ɗayyabu ya tafi.

Ya gwada roƙon masu kawo aiki su saurara masa. Na taɓa tarar da shi da wani dattijo a kan haka.

"Baba, tana ƙara?"

"Tana yi."

"Doguwa ko gajeriya?"

"To, tsaka-tsaki dai."

"Sau nawa?"

"Da ɗan dama."

Aiki ya ja baya, shagon ya koma wurin cajin waya. Mahaifinsa ya aiko masa cewa gonar rake tana nan tana jiran mai ita, Ɗayyabu kuma ya fara tattara kayan aikinsa a kwali.

Wata ranar Juma'a da yamma Wasila tana tsakar gida tana tsince riɗin kantu, shi kuma ya ƙure muryar rediyo yana neman labarai. Rediyon gidan mai gyara ne, ba murfi, ba marfin batir, a kwance yake rigingine a kan tabarma da lasifikarsa a buɗe. Wasila ta juya faifai, 'yan ƙwayoyi suka zuba a cikin lasifikar.

"Baban Munira, rage wannan abu," ta ce da ƙarfi yadda zai ji. "Ka kashe mana kunne, yanzu kuma rediyonka yana watsa mini riɗi. Dubi yadda yake rawa kamar an biya shi."

Ya duba. Mai karanta labarai yana magana, riɗi yana tsalle. Da mai karatun ya ja numfashi, sai riɗi ya kwanta. Wasila ta ce mini ta ga mijinta ya miƙe ba takalmi, ya fizge lasifikar daga jikin rediyon, ya dumbuji riɗi a faifai, ya nufi ƙofa.

"Ina za ka da jarina?" ta tambaye shi.

"Aro na yi," in ji shi, yana dariyar da ta daɗe ba ta ji ba.

A shago ya haɗa wa lasifikar wayoyi biyu da ɗan soket ɗin da zai shiga inda 'yar ƙaramar lasifikar kwamfuta take shiga. Ya zare ram da gangan ya kunna, riɗi ya yi doguwar rawa, ya huta, ya sake. Ya mayar da ram, riɗi ya yi tsalle ɗaya ya kwanta. Sai dai gano dabara daban, dawo da amincewar mutane daban, kuma kwalin kayansa yana nan a ɗaure rabi.

Damar ta zo ne bayan dogon hutun damina. Ina cikin kwamitin iyaye na wata sakandaren al'umma a hanyar Kudan, inda aka buɗe ɗakin kwamfuta aka tarar uku sun ƙi tashi, har da babbar da malami ke koyarwa da ita, ga ɗaliban ajin ƙarshe suna bukatar gwada hannu kafin jarrabawa. Shugaban makarantar, Malam Ubaidullahi, mutum ne mai tsari, ya riga ya kira mota a kwashe su zuwa Zariya. Saminu ne, da ya zo kawo takardun da ya buga, ya tura wa taubashinsa saƙo a waya. Ina jin abin da ya jawo yana damunsa, ko da yake ba zai taɓa faɗa ba.

Ɗayyabu ya iso a kan babur, ya gaida shugaba har ƙasa, ya roƙi a ba shi zuwa azahar.

"Malam Ɗayyabu, ba raina ka na yi ba," in ji shugaban, yana ɗaga murya cikin ladabi. "Amma an ce larura ta same ka, kayan nan kuma amana ne."

"Gaskiya aka faɗa, ranka ya daɗe. Ba na ji. A bar direba ya sha ruwa, in na kasa ni zan ɗora masa su da hannuna."

Da ya kwance ƙullin riɗi, Saminu ya ce, "Kurma ya zo da guzuri. Malama, a kawo masa suga ya yi mana kantu."

"Me ya ce?" Ɗayyabu ya tambaye ni.

Na maimaita masa. Ya ce, "Ki gaya masa wanda kwamfuta ta yi wa kuka a kunne bai gane ba, shi ne kurman."

Aka tayar da janareta a bakin taga, ƙararsa ta cika ɗakin, har mu masu kunnen ba mu jin komai sai shi. Ɗayyabu ya buɗe ta farko, ya duba sunan bayos, ya jona lasifikarsa, ya barbaɗa riɗi, ya danna. Muka sunkuya duka, har shugaban. Riɗi ya tashi ya daɗe yana rawa, ya kwanta, ya sake tashi. Ram ne, danshin damina ya sa bakinsa ya dafe. Ya goge ya mayar, riɗi ya yi tsalle ɗaya, sikirin ya kawo haske. Ta biyu ta yi doguwa ɗaya da gajeru biyu, ya zare katin hoto ya sake danna shi daidai a gurbinsa, ita ma ta tashi. Ɗalibai sun riga sun cika tagogi, suna ƙirga tsallen da baki.

Ta uku, babbar, ita ta fi ba mu tsoro. Ta fara tashi kamar lafiya, sannan riɗi ya shiga wata rawar da ba mu gani ba: ya yi sama, ya koma yana karkarwa ƙasa-ƙasa, ya sake yin sama, ba hutu, sai kwamfutar ta ɗauke gaba ɗaya. Shugaban ya dubi direba. Ɗayyabu kuwa murmushi yake yi.

"Wannan jiniya take yi, murya biyu," ya ce. "Furosesa ne ke cewa zafi ya ishe shi, ya kashe kansa don kada ya ƙone. Da ransa."

Ya cire wani baƙin murfin roba da ya lulluɓe fankar. A ƙarƙashinsa zanzaro ya gina ɗakunansa na laka tun daga fukafukan fankar har cikin tsagogin ƙarfen, ya toshe su tsaf. Dariya ta ɓarke a tagogi. Ya ɓanɓare lakar, ya share da buroshi, ya ɗaga ƙarfen a hankali, ya goge busasshen man da ke kan furosesa, ya ɗiga sabo gwargwadon ƙwayar dawa, domin man ne ke miƙa zafi daga furosesa zuwa ƙarfe. Ya mayar da komai, ya sake barbaɗa riɗi. Fanka ta juya. Riɗi ya yi tsalle ɗaya, ya kwanta, bai ƙara motsi ba.

Malam Ubaidullahi ya sallami direba, ya kama hannun Ɗayyabu da hannu biyu, ya ce masa daga yau ɗakin nan a hannunsa yake, kuma ya zo ya nuna wa ɗalibai cikin kwamfuta da idonsu. Saminu ya matsa kusa da kunnensa ya ce tasa ma ta fara wani ɗan tari kwanan nan.

"Kai ta Zariya," in ji Ɗayyabu. Washegari da safe kwamfutar Saminu tana kan teburin Ɗayyabu.

Ya kwance kwalin, gonar rake kuma ƙanensa ne ke noma ta. Kunnen bai dawo ba, likita ya ce ba zai dawo ba, kuma in za ka yi masa magana sai ka tsaya inda zai ga bakinka. Wasila ce ke cika masa ƙullin duk sati, ɗanye ba soyayye ba, domin ya ce soyayye maiƙonsa yana sa shi manne wa lasifika. Tana kuma gaya wa duk mai sayen kantu cewa ita ta koya masa gyaran kwamfuta, shi kuma bai taɓa musa mata ba, ko da yake ta ce ba ta da tabbacin ya ji.