Saniyar Jauro da Hauwa Biyu

A gidanmu na Limawa, da an idar da magariba, kakarmu Inna takan zauna gefen murhu tana gasa mana gyaɗa, mu jikoki mu kewaye ta. 'Yar makiyaya ce, shi ya sa tatsuniyoyinta ba sa rabuwa da shanu. Ba ta farawa sai ta ce, "Wanda bakinsa ke motsi, kunnensa a toshe yake."

Wadda ta fi zauna mini ita ce ta Jauro, wanda zai yi tafiya ya bar wa amininsa amanar jar saniyarsa da ɗan maraƙinta. Saniyar ta ci wata ciyawa ta mutu. Kunya ta hana aminin faɗa, sai ya bi kasuwanni har ya samo wata: ja, ƙaho iri ɗaya, har farin goshin. Da Jauro ya dawo, dattawa suka duba suka ce ita ce. Shi kuwa ya kwance maraƙin. Maraƙi ya shinshina ta, ya juya baya yana kuka.

Nan Inna takan sassauta murya. "Aminin ya fashe da kuka ya faɗi gaskiya. Jauro ya ce, 'Na karɓa, na kuma yafe. In nono ake so, daidai suke. In tawa ake tambaya, ba ita ba ce.'"

Na taɓa ce mata, "Inna, to ai duk ɗaya ne!"

Ta ce, "Je ka tambayi maraƙin."

Bayan shekaru, na koyi rubuta manhajar kwamfuta, na yi wa wata makaranta a Dutse ta ajiye sakamakon jarrabawa. Rannan wata yarinya ta zo da hawaye, babu sunanta a jerin sakamakon. Ashe Hauwa biyu ne a ajin: sunan uba ɗaya, shekarunsu ɗaya, duk daga Yalwawa. Na umarci kwamfuta ta gwada abin da aka rubuta kawai, ita kuma da ta ga komai ya yi daidai sai ta haɗe su. Tambayoyi biyu ne ashe: shin kamarsu ɗaya, ko kuwa abu ɗaya ne ake nunawa? Na yi ta farko a inda ta biyu ta dace.

Na ba kowace ɗaliba lambarta, na buga takardun. Hauwar da ta ɓata ta karɓi tata, ta duba, ta ce, "Malam, ashe ma na fi ta a lissafi!"