Ruwan Rijiyar Babban Mutum

Jiya wata ɗaliba ta kawo mini kwalbar ruwan rijiya a ɗakin gwaji. Ina buɗewa warin laka ya bugi hancina, sai na tuna da Malam, wanda muka daɗe da kai shi makwancinsa.

Shi ya koya mini ilimin sinadarai, kuma bai yarda da kwamfuta ba. Kullum maganarsa ɗaya ce: "Abin da hannunka bai auna ba, ba ka san shi ba."

A lokacin na rubuta wata manhaja, na zuba mata sakamakon tsofaffin gwaje-gwajenmu har ta koyi hasashen rijiyar da ke da gubar dalma. Muka je garin Babban Mutum da shi da ɗalibai ɗibar samfurin ruwa. A wata rijiya da shanu suka dagula bakinta, ya tambaye ni me na'urar ta ce. Na ce masa babu dalma.

Ya sa aka ja guga, ya cika moɗa, ya miƙo mini a gaban ɗalibai. "To, sha."

Na ce, "Malam, dalma kawai take dubawa, ba ƙwayoyin cuta ba."

Ya ce, "Na sani. Sha."

Na sha. Ruwan da ɗumi, yashi yana ƙaras-ƙaras a haƙorana. Na kwanta ina gudawa a gidan yayata a Daura. Da gwaji ya tabbatar babu dalma, bai zo duba ni ba, sai dai ya aiko a ce mini sa'a na yi.

Allah Ya gafarta masa, Ya shayar da shi ruwan Alkausara mai sanyi, ba irin wanda ya shayar da ni ba.